Wa Zai Kawo Ki Idan Kin Faɗi?

Jiya da kuka zo gaishe ni, na ji ɗayarku tana cewa a duk aikin matanite, gidan karɓar haihuwa, babu abu mai sauƙi kamar awon ciki: a ɗaura wa mace abin awon jini a dantse, a danna maɓalli, lamba ta fito, a kira ta gaba. Ban tanka ba don akwai baƙi a ɗakin. Yau da muke mu kaɗai, ku gyara zama, 'ya'yana, in ba ku labarin yadda na koyi aikin nan da yadda na yi shi, tun daga nan Sokode har Dapaong, can arewacin Togo.

Ni 'yar mahauta ce, a Zongo aka haife ni, jini bai taɓa firgita ni ba. Da aka zo neman 'yan matan da suka ɗan yi makaranta don a koya musu karɓar haihuwa, mahaifina ya ce, "Adiza, je ki." Aka damƙa ni a hannun wata sajfam, wato ungozomar asibiti, 'yar ƙabilar Kabiye mai suna Madam Piyalo, doguwa, marar yawan magana. Kayan aikinta ba su cika tebur ɗaya ba. Akwai ƙahon katako da ake kara wa ciki a saurari zuciyar ɗa, da tef irin na tela, da sikeli. Abin awon jinin akwatin ƙarfe ne mai dogon gilashi da zaiba a ciki. Ki matsa ƙwallon roba da hannu, ki kasa kunne ki ji inda bugun ya fara da inda ya ɓace. Fitsari kuwa dafa shi muke yi a siririyar kwalba a kan 'yar fitila, mu ɗiga masa ruwan tsami. In ya yi guda-guda kamar farin ƙwai a ruwan zafi, to ƙodar matar ta fara zubar da abin da bai kamata ta zubar ba.

Na daɗe Madam ba ta bar ni na taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. A kan bencin jira ta ajiye ni, saboda ina jin Hausa da yaren Kotokoli, ita kuma Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Aikina shi ne tambaya. Cikin nan na nawa ne? Yaushe rabonki da haihuwa? Mijin nan shi ne uban na baya? Da yawa ba su san shekarunsu ba, sai in bi ta wace ce sa'arsu a unguwa. Sannan in tambayi uwa da yayye mata, ko akwai wadda ta taɓa jijjiga a kan ciki. Wannan ita ce mai wuya, don ba wanda ke kiranta da sunanta. Sai a ce iska ce ta buge ta, ko an yi mata baki. Ta ƙarshe kuwa Madam da kanta take sa ni in maimaita in na manta:

"Tambaye ta, da rana wa ke gida? In ta faɗi, wa zai kawo ta?"

A lokacin ina ganin ɓata lokaci ne. Zoben wata yarinya ne ya fara fahimtar da ni.

Sunanta Rahinatu, 'yar garin Kambole, tana koyon ɗinki, mijinta ɗan zemijan ne mai ɗaukar fasinja a babur. Cikin fari ne, ba ta kai ashirin ba. Ba awo ya kawo ta ba, zoben azurfa ne ya maƙale mata a yatsa har naman ya rufe shi, uwar mijinta ta rako ta a cire. Muka gwada sabulu, muka gwada zare, a ƙarshe sai da aka aro almakashin maƙeri. Ina yankewa Madam tana kallon fuskar yarinyar, fatar idanunta ta yi suntum kamar wadda ta sha kuka.

Uwar mijin tana dariya ta ce, "Ciki ne ya karɓe ta, Madam. Da ta zo gidanmu kamar sillen kara take."

Madam ta ce in yi tambayoyina. Na yi. Yayar Rahinatu ta faɗi a kan gwiwa a Kambole, ta ciji harshe, aka ce aljanun rafi ne. Kai yana sara mata, wani lokaci tana ganin taurari da rana tsaka. Madam ta ɗaura abin awo: sha shida a kan sha ɗaya, alhali na mai lafiya wajen sha biyu ne a kan takwas. Fitsari ya yi guda-guda. Ta kara ƙaho a dama, ta kara a hagu, ta miƙo mini. Zuciya biyu.

Na juya na ce da tsohuwar, "Mma, wannan ba ƙiba ba ce. Ruwa ne. Yau a babban asibiti za ta kwana."

"Don zobe?"

"Don kada abin da ya sami yayarta ya same ta."

Ta gyara mayafi, ta aika a kirawo ɗanta daga bakin kasuwa. An riƙe Rahinatu a gado ana ba ta magani, da jinin ya ƙi sauka aka ciro tagwayen kafin lokacinsu. Ƙanana ne ƙwarai, amma sun rayu, ita ma ta rayu. Da muke wanke hannu ranar nan Madam ta yi mini bayanin da ba ta sake maimaitawa ba. Ta ce ciwon daga mabiyiya yake tasowa, yana farawa bayan ciki ya wuce rabi, kuma magani yana danne shi ne kawai. Ba ya tafiya sai an raba uwa da cikin. Ta ce abin awo yana gaya miki wadda ta riga ta kamu. Wadda za ta kamu kuwa, a bakinta za ki ji.

Kada ku ɗauka ciwon talaka ne kawai. Na auna wata hajiya mai shagunan atamfa a nan garin, mai jiki, mai ciwon suga, ta haura arba'in da cikin auta, jininta ya fi na Rahinatu hawa. Amma ita tana da mota a ƙofar gida da 'ya'ya manya, duk mako ana kawo ta, likita ya ga abin tun yana ƙarami. Waɗanda na fi jin tsoro dominsu su ne matan da ke da irin wannan jiki ko irin wannan gado, sannan ba su da kowa kusa, ko gidansu na bayan rafi, ko abincin ranar yana jiran hannunsu.

Bayan na yi aure, aiki ya kai mijina Dapaong, na bi shi, aka ba ni wuri a wata ƙaramar matanite kusa da tashar manyan motoci. A lokacin an fara kawo 'yan takardun tsomawa a fitsari, mun huta da fitila. An kuma kawo allurar magneziyom mai tsayar da jijjiga. Na yi shekaru a can lafiya ƙalau, sai shekarar da ruwa ya yi yawa.

A farkon daminar nan wata mata ta zauna mini a benci da warin hayaƙi a zanenta. Salamatu, mutuniyar Gaya ta ƙasar Nijar, tana sayar da wake da shinkafa ga direbobi a tasha. Cikin ya kai wata shida, kuma wannan ne zuwanta na farko.

Na ce, "Ƙanwata, ina kika tsaya har yanzu?"

"Yaya, ai ba na fari ba ne. Na san hanya."

"Ina na farin?"

"Tana Gaya, har ta yi aure."

Sai na ajiye tef na ja kujera. Mijinta na farko ya rasu da daɗewa, ta zauna shekaru ba aure. Wannan mijin, Isufu, direban tirela ne tsakanin Lome da Yamai, bai taɓa samun haihuwa ba. Ita kuma tana dab da arba'in. Da na tambayi mahaifiyarta, ta ce wajen haihuwar autansu ta rasu. Iska ta buge ta tana tsakar gida, ta yi ta karkarwa, ba ta sake magana ba.

Na ce, "Saurara da kyau. Sabon miji, ga tazara mai tsawo, jikinki zai ɗauki cikin nan kamar na fari ne. Ga shekaru. Abin da ya ɗauki mahaifiyarki kuma ba iska ba ce, hawan jini ne, yana bin 'ya'ya mata. Da rana wa ke gida?"

"Ba kowa. Ni ma ba na gida."

"In kin faɗi, wa zai kawo ki?"

Ta yi ɗan murmushi. "Allah."

"Allah yana aiko mutum. Wane ne mutumin?"

Ta yi tunani, sannan ta ce sai dai ko mai gidan da suke haya, wata 'yar ƙabilar Moba mai suna Damigu, mai dafa giyar dawa. Ta ce ba sa shiga harkar juna sosai, gaisuwa ce kawai, saboda sana'ar matar. Na ce ko me take dafawa, ta turo mini ita.

Jininta ranar nan sha huɗu ne a kan tara, fitsari bai nuna komai ba. Na ba ta ƙwayoyin magani, na ce duk mako ina son ganinta. Washegari Damigu ta zo, gajera, kakkaura, hannuwanta duk tabon wuta. Hausar kasuwa take yi, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta. Na gaya mata alamun: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska. Ta ce, "Na ji. Ni zan duba shi."

Salamatu ta zo sau ɗaya, ta zo sau biyu, ta daina. Ba taurin kai ba ne. Awo da safe ake yi, da safe kuma direbobi ke cin abinci. In ta rufe tukunya, masu saye su koma wajen wata. Ban ce tsayuwa a bakin murhu ke kawo ciwon ba, amma ita ke hana mace zuwa inda za a gan shi. Don haka in na tashi aiki sai in sa abin awo a jaka in bi ta tasha, in zaunar da ita a bayan rumfa a kan buhun gawayi, in auna ta direbobi na kallo.

Sai ruwa ya ɓalle. Hanyoyin ƙauye suka yanke. Matan da a da suke zuwa da ƙafarsu daga wajen Gando da garuruwan bayan rafi sai aka riƙa kawo su a amalanke, wasu a kwance a kan ƙyauren ƙofa, bayan sun kwana suna jijjiga a gida ana jiran ruwa ya janye. Yawancinsu ba wanda ya taɓa ɗaura musu abin awo. Akwai masu cikin fari, akwai waɗanda suka haihu har sun gaji. Wasu mun tsayar da jijjigar mun tura su babban asibiti. Wasu a bakin ƙofa muka rufe musu fuska. Motar magani ta makara, muka riƙa lallaɓa allurar da ta rage. Mu biyu ne a wurin, ni da wata abokiyar aiki, ba mai iya fita ko nan da tasha. A kudu kuma gada ta karye, manyan motoci suka yi layi a hanya, tirelar Isufu na cikinsu.

Wata ranar Laraba da la'asar Salamatu ta shigo da kanta, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Silifas ɗinta sun ƙi shiga ƙafa, a hannu ta riƙo su. Sha bakwai a kan sha ɗaya. Takardar fitsari ta rine nan take.

Na yi mata allura, na ce, "Yau ba ki komawa gida. Babban asibiti za mu tura ki, kuma mai yiwuwa su ciro ɗan."

"Bai fi wata bakwai da 'yan kwanaki ba, Yaya."

"Na sani. A waje yana da dama. A ciki ku duka biyu kuna cikin haɗari."

"Ɗan nan ba nawa ba ne ni kaɗai. Mutumin nan ya yi shekaru yana jira. In aka ciro shi ya mutu ba ya nan, me zan ce masa?"

Muka kira wayar Isufu, a kashe. Inda suke layi babu wurin cajin waya. Na yi mata magana da taushi, na yi mata da zafi. A ƙarshe ta ce ta yarda, amma ta bar ɗaki a buɗe da wake a jiƙe, bari ta je ta kintsa ta ɗauko zane. Ana cikin haka aka shigo da wata mai zubar jini, na juya kanta. Na aika wa Damigu saƙo cewa ta dawo mini da ita ko da ja ne. Damigu ta yi iya yinta, amma Salamatu ta ce allurar ta sauke mata ciwon kan, gobe ranar kasuwa ce, za ta sayar da abin da ta jiƙa, da azahar ta zo ta kwanta.

Washegari kafin azahar ɗin aka kawo ta. Damigu ce ke tura kurar da take ɗaukar itace da ita, Salamatu na kwance a ciki, direbobi biyu na riƙe da gefe.

"Ya faɗi a kan tukunya," in ji Damigu. "Ya yi jijjiga sau biyu a hanya."

Ku riƙe yadda ake yi, don hannu ne ke yi, ba a tsayawa tunani. A kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a danne ta. A share kumfar baki, a sa mata iskar numfashi. Magneziyom a jijiya a hankali, sannan a ɗuwawu dama da hagu. A sa robar fitsari a ga ko ƙoda na aiki. A ƙirga numfashi, a buga gwiwa a ga ko ƙafa za ta harba, don maganin da ke ceton ta in ya yi yawa shi ne zai tsayar mata da numfashi. Duk mun yi. Jijjigar ta tsaya.

Sannan na ɗora hannu a cikin. Ya yi tauri kamar turmi. Baƙin jini yana biyo cinya. Mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa. Na kara ƙaho, na zagaya cikin gaba ɗaya, na koma na sake zagayawa. Babu komai.

Wani direba ya kawo ƙaramar mota muka tafi babban asibiti, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa. Likita ya duba ya ce tiyata yanzu, ya tambayi ina mijinta, ina danginta. Damigu ta matso ta ce, "A garin nan ni ne uwansa." Aka ce ana bukatar jini. Direban da ya kawo mu ya koma tasha, kafin a jima sai ga mutanen da suke cin abincinta kullum sun cika baranda, Zabarmawa da Mosawa da Hausawa, kowa ya naɗe hannun riga.

An ceto ta. Ɗan namiji ne, ya cika siffa, har da gashi. Limamin Zongo da direbobin nan suka kai shi makwanci tun ba ta farfaɗo ba.

Da ta dawo hayyacinta ina wurin. Ta shafa cikinta, ta dube ni.

"Namiji ne ko mace?"

"Namiji."

"Ya yi kuka?"

"A'a."

Ta juya fuska bango. Damigu ta jiƙa tsumma ta ci gaba da goge mata ƙafafu.

Isufu ya iso bayan an buɗe hanya. Abokan aikinsa sun ce masa kawai matarsa na asibiti, ba wanda ya iya ƙarasa masa. A ƙofar ɗakin da take kwance muka haɗu. Dogo ne siriri, idanunsa sun yi ja don rashin barci, yana rungume da sabon bahon wankan jariri shuɗi da ya sayo a Lome, cike da 'yan riguna da tawul da sabulu. Na ja shi gefe na gaya masa. Bai ajiye bahon ba. Ya yi salati, sannan ya ce:

"Hajiya, ki gaya mini gaskiya. Da ina gida, da hakan bai faru ba?"

Na ce, "Ciwon zai zo ko kana nan ko ba ka nan, a jikinta yake. Amma da kana nan, ranar Laraba da ta kwana a asibiti. Abin da zai biyo baya, Allah ne masani."

Ya gyaɗa kai. Na ƙara masa da abin da likita ya ce, cewa wani cikin a wannan shekaru da wannan jini zai iya tafiya da ita. Ya ce ya ji. Daga baya ya bar doguwar hanya ya koma jigila tsakanin Dapaong da Sinkase, kullum a gida yake kwana. Salamatu ba ta sake ɗaukar ciki ba. Jinin bai koma daidai ba, har na bar garin tana shan magani, ita da Damigu suke zuwa awo tare.

Ranar da aka sallame ta na je asibitin, Isufu ya tattara kaya, ya ɗauki bahon daga ƙarƙashin gado inda ya tura shi. Salamatu ta ce ya ajiye. A gadon da ke kusa da nata akwai wata matashiya daga wajen Gando, ita ma jijjiga ta kawo ta, da zane ɗaya aka shigo da ita, amma ita ta tashi da 'yarta a raye. Ba sa jin yaren juna, ni kuwa zaman garin ya sa na ɗan iya na matashiyar. Salamatu ta dafa bango ta miƙe, ta ja bahon da ƙafa har gaban gadon yarinyar, ta ciro 'yar riga ɗaya fara ta riƙe a hannu, ta nuna mata sauran.

Yarinyar ta dube ni, ba ta gane ba.

Salamatu ta ce, "Yaya, gaya mata nata ne. Ki ce kada ta sa ruwa mai zafi sosai, robar ba ta da kauri."

Ta cusa farar rigar a cikin zanenta, ta kama hannun Damigu, suka fita a hankali, Isufu na biye da su.